Dokar Hayaƙin Gine-ginen Niyok: Tara Ba Ta Gyara Tukunya

A makon jiya muka yi taron shekara na masu gidaje a gininmu da ke Bronx, a ɗakin taro na ƙasa, kusa da ɗakin wanki. Injiniyan da kwamitin gini ya ɗauko ya miƙe ya nuna mana takardu biyu. Ta farko tana ɗauke da tarar da za mu riƙa biya duk shekara daga 2030, ƙarƙashin dokar birnin Niyok ta rage hayaƙin gine-gine, idan ba mu taɓa komai ba. Ta biyu kuma kuɗin da za mu kashe idan za mu cire tsohuwar tukunyar da ke ɗumama mana gida mu koma wa lantarki. Kuɗin da ke kan ta biyu ya ninka na farko ninkin-ba-ninkin.

Ɗakin ya yi tsit. Can sai wani daga baya ya ce, to ai sai mu riƙa biyan tarar. Na waiga, na ga kawuna suna gyaɗawa.

Da aka tashi, wani dattijo ɗan Kumasi da ya ƙare ƙuruciyarsa a tuƙin tasi a birnin nan ya tare ni a bakin lif. Ya ce, "Ɗana, kai da ka yi boko, fahimtar da ni. Na gama biyan bashin gidan nan ne don in huta da haya. Yanzu hayar ce ta dawo da wani suna?" Na ce, "Baba, ba haya ba ce." Daga nan na rasa abin da zan ƙara masa. Tun ranar maganar take cina.

Ra'ayina shi ne: dokar nan daidai ce, kuma ba na cikin masu neman a soke ta. Amma yadda take faɗa wa masu gidajen haɗin gwiwa da na kondo, wato gine-ginen da mazaunansu ne suka mallake su, akwai kuskure a ciki. Dokar da aka yi don rage hayaƙi, idan ta kai mutane suna ganin biyan tara ya fi gyara sauƙi, to birni zai tara kuɗi, hayaƙi kuwa yana nan yana tashi.

Abin da dokar ta ce

A watan Afrilun 2019 majalisar birnin Niyok ta zartar da ita, zamanin magajin gari Bill de Blasio, kuma ɗan majalisa Costa Constantinides na unguwar Astoria ne ya jagorance ta. Sunanta Doka ta 97. Ta shafi duk ginin da faɗinsa ya wuce murabba'in ƙafa 25,000, wato gine-gine kimanin 50,000. An yanka wa kowane gini iyakar hayaƙin kabon da zai fitar a shekara gwargwadon faɗinsa da irin aikin da ake yi a cikinsa. Wanda ya ƙetare iyaka zai biya dala 268 a kan kowane tan da ya ƙaru, duk shekara.

Zangon farko ya kama daga 2024 zuwa 2029, kuma mafi yawan gine-gine sun tsallake shi. A 2030 ne igiya za ta tsuke: iyakar gidajen zama za ta ragu da kusan rabi, kuma fiye da rabin gine-ginen da dokar ta shafa ba za su tsallake ba sai da gyara.

Dalilin da ya sa aka nufi gine-gine a fili yake. A nan Niyok kusan kashi biyu cikin uku na hayaƙin birni daga gine-gine yake fita, daga gas da man da ake ƙonawa don ɗumama ɗakuna da ruwan wanka, da kuma lantarkin da ake sha.

Mu ne masu gida, mu ne kuma masu biya

Wanda bai zauna a irin gidajen nan ba zai iya ɗauka cewa kowane dogon gini yana da attajirin da ya mallake shi. Ba haka abin yake a wurinmu ba.

A gidan haɗin gwiwa, wanda mutanen nan ke kira ko'of, kamfani ne ya mallaki ginin, mu mazauna kuma mu ne masu hannun jarin kamfanin. Jarinka ne ke ba ka ikon zama a gidanka. Duk wata kana biyan kuɗin kula da gini, daga ciki ake biyan harajin gida, inshora, albashin mai kula da gini, man tukunya, da bashin da ke kan ginin baki ɗaya. A kondo kuwa gidan naka ne da takardarsa, sai dai rufi da tukunya da lif na kowa ne, kuna haɗa kuɗi ku kula da su.

To idan tara ta zo, babu wani mai gida da za a nuna wa yatsa. Kai tsaye za ta shiga kuɗin wata, ko kuma kwamiti ya yanka wa kowa karo-karo na musamman. Kamfanin da ya mallaki benen ofisoshi a Manhattan yana da lauyoyi da injiniyoyi, yana da bankunan da ke rububin ba shi bashi, kuma in ya gyara gini zai ƙara kuɗin haya ya fanshe. Namu kwamitin mutum bakwai ne 'yan sa-kai, ciki har da malamar makaranta da direban bas, suna zama da daddare bayan sun taso aiki, ba a biyansu ko sisi. An yi wa waɗannan biyu kuɗin goro, dala 268 kowane tan.

Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. Lissafin hayaƙin ya haɗa da wutar da kowa ke sha a cikin gidansa. Kwamiti yana da iko da tukunya, amma ba shi da ikon shiga ɗakin mutum ya ce masa rage na'urar sanyaya ɗaki. Wani ya sha, kowa ya biya.

Bari mu yi lissafi

A ɗauki misali da gini mai murabba'in ƙafa 100,000, mai gidaje 100. A zangon farko iyakarsa tan 675 ne a shekara. A ce hayaƙinsa tan 600 ne, ya tsira. Daga 2030 iyakarsa za ta sauko zuwa wajen tan 335. Idan har lokacin ana lissafa masa tan 600, ya ƙetare da tan 265, tararsa ta kama dala 71,000 da 'yan kai a shekara. A raba wa gidaje 100, kowa zai biya kimanin dala 710 a shekara, wajen dala 60 ke nan a wata.

Dala 60 a wata ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke rayuwa da fansho. Amma a ajiye ta kusa da ɗaya hanyar. Yawancin tsofaffin gine-ginen nan da tururi ake ɗumama su: tukunya a ƙasa tana dafa ruwa, tururi yana bin bututu zuwa lagireton kowane ɗaki. Kafin a koma wa na'urar da ke ɗumama ɗaki da lantarki, wadda ake kira famfon zafi, sai an ƙara ƙarfin wutar da ke shigowa ginin, sau da yawa sai an sabunta wayarin da aka ja tun kafin a haifi iyayenmu, sai an fasa bango a gidan kowa. Aiki ne na miliyoyin daloli a gini ɗaya.

Mutumin da ya ce mu biya tara ba mugu ba ne, ba kuma jahili ba ne. Lissafi ya yi. Tsoho ɗan shekara 75 da aka ce ya ci bashin da ba zai ga ƙarshen biyansa ba, ko ya biya dala 60 a wata, kowa ya san wanda zai zaɓa. Kuma kuɗin tarar nan babban asusun birni yake shiga. Ko kwabo ba ya dawowa ya sayi bututu ɗaya a ginin da ya biya shi. Mafi muni ma, kuɗin da ya kamata a tara don gyara shi ne tarar ke cinyewa. Shekara biyar ana biya, ga kuɗi ya tafi, ga tukunya ta ƙara tsufa.

Masu cewa a soke ta

Ina da maƙwabta da ke ganin mafita ita ce a soke dokar gaba ɗaya. An ma gwada ta hanyar kotu. A 2022 wasu gidajen haɗin gwiwa biyu na Queens, wato Glen Oaks Village mai gidaje kusan 2,900 da wani sashe na Bay Terrace, suka shiga cikin masu ƙarar birnin, suna cewa dokar yanayi ta jihar Niyok ta riga ta rufe wannan fage. Shari'a ta yi ta hawa da sauka har zuwa watan Mayun 2025, lokacin da kotu mafi girma a jihar ta yanke cewa dokar birni tana nan daram.

Na fahimci abin da ya kai su kotu, amma ban bi su ba, saboda na ga abin da ake ƙoƙarin karewa da idona. Daren 1 ga Satumban 2021, ragowar guguwar Ida ta zubo ruwan da magudanan birnin nan ba su iya ɗauka ba, mutum 11 suka mutu a gidajen ƙarƙashin ƙasa, yawancinsu a Queens, yawancinsu baƙi irinmu. A watan Yunin 2023 hayaƙin gobarar dajin Kanada ya mayar da sararin samaniyar Niyok ja da tsakar rana. Duk wanda ya yi zama a Mott Haven ko Hunts Point ya san yadda asma ta addabi yaran kudancin Bronx. Abin da bututun gine-ginenmu ke fitarwa, huhunmu yake fara shiga kafin ya kai ko'ina.

Wasu kan ce, me hayaƙin gini ɗaya a Bronx zai rage wa duniya? Wannan magana kowa a doron ƙasa yana iya faɗinta, shi ya sa ba ta da amfani. Mu kuma da danginmu ke yankin Sahel, inda ake fama da ambaliya bana, fari baɗi, bai dace a ji ta a bakinmu ba. Muna zaune a ƙasar da ta fi kowace ƙasa fitar da hayaƙin nan idan aka tara tarihi.

Sannan an taɓa yin irin wannan a nan aka ga amfani. Zamanin magajin gari Michael Bloomberg aka hana ƙona baƙin mai mai lamba 6 a tukwanen gine-gine, aka gama fitar da shi wajen 2015. An yi ta kuka a lokacin. Aka yi, iska ta gyaru, kuma yau ba wanda ke neman a dawo da shi.

Masu cewa ai an riga an sassauta

A ɗaya ɓangaren akwai masu rajin kare muhalli da ke ganin duk wanda ya koka da dokar nan ɗan koren manyan dillalan gidaje ne. Sukan ce ai an yi sassauci. Gaskiya ne an yi, kuma ya kamata a faɗe shi.

Ginin da fiye da kashi 35 cikin 100 na gidajensa ke ƙarƙashin dokar ƙayyade haya, da gidajen haɗin gwiwa na masu ƙaramin ƙarfi da ake kira HDFC, da wuraren ibada, masallatai da coci-coci, an ba su hanya mai sauƙi: jerin gyare-gyare 13 masu araha, kamar toshe yoyon tururi, naɗe bututu don kada zafi ya tsere, da toshe kafofin tagogi. Gidajen tsarin Mitchell-Lama, na masu matsakaicin ƙarfi, an ɗaga musu ƙafa zuwa 2035. Akwai shirin NYC Accelerator da ke ba da shawara kyauta. A ƙarshen 2023 hukumar gine-gine ta fitar da ƙa'idar rage tara ga wanda ya nuna yana ƙoƙari da gaske. A Disambar 2024 kuma majalisa ta farfaɗo da rangwamen harajin J-51, wanda ke mayar wa gini har kashi 70 cikin 100 na kuɗin gyaran da aka amince da shi, a hankali cikin shekaru.

To amma a duba waɗanda suka faɗa tsakiya. A tsarin 2024, rangwamen J-51 na gine-ginen da ƙimar harajin kowane gida a cikinsu ba ta wuce dala 45,000 ba ne, kuma sai ka fara nemo kuɗi ka yi aikin kafin a fara rage maka. Wanda ba shi da abin farawa, me rangwame zai yi masa? Gininmu ba na talakawa ba ne a takarda, ba kuma na masu kuɗi ba ne a zahiri. Ma'aikatan jinya ne, da direbobi, da 'yan fansho, waɗanda duk abin da suka mallaka a duniya shi ne 'yan ɗakunan nan.

Kuma dokar nan ba ita kaɗai ke kanmu ba. Duk ginin da ya wuce hawa shida sai an binciki bangonsa na waje kowace shekara biyar, in an ga tsagewa dole a gyara. Bututun gas ana bincikarsa kowace shekara huɗu. Masu ƙona mai mai lamba 4 an ba su wa'adin 2027 su daina. Inshora kullum hawa take. Ita kanta dokar hayaƙin, rahotonta na shekara sai injiniya ko mai zanen gini mai lasisi ya sa hannu, wanda ya yi jinkiri kuma tararsa santi 50 ce a kan kowane murabba'in ƙafa duk wata. A ginin misalinmu, dala 50,000 ke nan a wata ɗaya, saboda takarda. Kowace ɗaya daga cikin dokokin nan tana da hujjarta. Aljihun da suke shiga ne guda ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ma'aunin kansa. Da faɗin gini ake aunawa, ba a kallon yawan mutanen ciki. Gida mai ɗaki biyu da iyali mai mutum shida ke ciki, ana girki ana wanka ana wanki, dole ya sha makamashi fiye da katafaren gidan da mai shi ke zuwa sau biyu a shekara. A idon dokar, na farkon ne mai laifi. Attajirin da ke zaune shi kaɗai a gidansa mai hawa huɗu wanda bai kai murabba'in ƙafa 25,000 ba, dokar ba ta ma san da shi ba. Alhali zaman cunkoso a bene, bango ɗaya da maƙwabci, ana hawa jirgin ƙasa zuwa aiki, yana cikin hanyoyin rayuwa mafi ƙarancin hayaƙi a Amurka.

Sai kuma batun lantarkin. Tun da aka rufe tashar nukiliya ta Indian Point a watan Afrilun 2021, wutar birnin nan ta ƙara dogaro da gas. Akwai layin da aka shimfiɗo daga Quebec ta Kanada zuwa Astoria don kawo wutar madatsun ruwa, megawat 1,250, wanda aka tsara zai fara aiki a 2026, kuma zai taimaka. Amma wutar Niyok tana da tsada ƙwarai. Yanzu kuɗin ɗumama gida yana cikin kuɗin wata na kowa. Idan aka koma wa lantarki aka ɗora shi a mitar kowane gida, tsohuwar da ke ƙirga kuɗin magani za ta kashe na'urar ta lulluɓa da bargo, ko ta jona ƙaramar hita mai arha. Mutanen Bronx ba su manta da 9 ga Janairun 2022 ba, ranar da gobarar da ta tashi daga irin wannan hita ta kashe mutum 17 a ginin Twin Parks, yawancinsu 'yan asalin Gambiya. Duk tsarin da zai taɓa ɗumama gidajen mutane dole ya riƙa tuna wannan rana.

Abin da nake so a yi

Babbar buƙatata guda ce: tarar gidajen haɗin gwiwa da na kondo ta zauna a ginin da ya biya ta. A buɗe wa kowane gini asusu a kulle, kuɗin ya shiga can, ba a fitar da shi sai don aikin rage hayaƙi da hukuma ta amince da shi, tare da wa'adi. Ginin da ya ƙi yin aiki har wa'adi ya cika, birni ya kwashe kuɗin. Ta haka matsin lambar yana nan, ba wanda ya kuɓuta, amma dala 71,000 ta misalinmu ta zama dala 355,000 cikin shekara biyar, abin da zai isa a fara aiki na gaske. Birnin ma ya riga ya amince da tushen wannan tunani: yanzu gini yana iya biyan dala 268 a kan kowane tan cikin wani asusu da ke gyara gidajen masu ƙaramin ƙarfi, har kashi 10 cikin 100 na iyakarsa. Idan kuɗin zai iya gyara ginin wani, zai iya gyara namu.

Bayan wannan, a samar da bashi mai dogon zango da zai zauna a kan gini, wanda ya sayi gida daga baya ya ci gaba da biya, don kada a ce tsoho ya biya kuɗin amfanin shekara talatin cikin shekara biyar. A kuma sa yawan mazauna cikin ma'auni.

Mu ma masu gidaje akwai namu laifin, kuma ba zan ɓoye shi ba. A tsakiyar Janairu ka tsaya a titi ka ɗaga kai, za ka ga tagogi a buɗe a hawa na ƙasa saboda zafi ya yi yawa, na can sama kuma suna rawar ɗari. Gas ne muke saye da kuɗinmu muna ɗumama titi da shi. Shekara da shekaru muna zaɓen duk kwamitin da ya yi alƙawarin ba zai ƙara kuɗin wata ba, asusun ajiya yana ramewa, gyara ana ɗagawa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Daidaita tururi, sauya bawul ɗin lagireto da ya mutu, naɗe bututu, toshe rufi, raba tukunyar ruwan wanka da ta ɗumama gida don kada a riƙa kunna babbar a watan Yuli: duk waɗannan ba sa buƙatar miliyoyi, kuma suna rage hayaƙi da kuɗin mai tare. Hukumar gidajen gwamnati ta birnin ma ta gwada famfon zafi da ake ɗorawa a taga a rukunin gidajen Woodside da ke Queens, wanda ake jonawa a soket na yau da kullum ba tare da fasa bango ba. Idan farashinsa ya sauko, lissafin injiniyanmu zai canza.

Shekaranjiya na hau wurin dattijon nan bayan sallar isha'i, na same shi taga a buɗe, lagireto yana huci. Na ce, "Baba, amsar da ban ba ka ba ranar nan ita na kawo." Na zana masa lissafin a bayan ambulan, na nuna masa abin da zai biya in an zauna haka, da abin da ƙananan gyare-gyare za su rage. Na ce masa zan kai wa kwamiti shawarar mu fara da waɗannan kafin sanyi mai zuwa, mu kuma rubuta wa ɗan majalisar unguwarmu kan batun asusun. Ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce in kawo wasiƙar ya sa hannu, shi kuma zai zaga da ita wurin mutanen hawansu.